Ƙanin Mijina Ya Ɓata Mini Mota da Leda, An Ce In Yi Shiru

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce, ina zaune a Hotoro. Ina da Corolla 'yar Kwatano, ƙirar 2010, ruwan azurfa, da gumina na saye ta. A watan Janairu ƙanin maigidana, wanda ya buɗe rumfar manna sitika a bakin titi, ya ce in kawo ya naɗe mini ita da leda ta koma baƙa mara ƙyalli, a rabin kuɗin da wani shago ya yanka mini. Na kwashi adashina na ba shi. Da safe na kai, bayan la'asar ya kawo mini ita tana ɗaukar ido. Yau sati bakwai, ledar ta ɗaɗɗago a hannun ƙofofi da madubai da lungunan bamba. Bonet duk ƙuraje, ga wani layi a tsakiyarsa, kusurwar bamba kuma ta yi fari-fari. Mai wankin mota ya ɗaga inda ta saki ya nuna mini zanen reza a jikin fenti. Na faɗa wa maigida, ya ce in bar wa Allah, yaro ne yana neman na kansa. Hajiya surukata kuwa duk wanda ya zo sai ta ba shi labarin aikin autanta. Kullum na fito na ga motar sai raina ya ɓaci, har gaisawa da yaron ta fara yi mini nauyi. In yi magana ko in haɗiye?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya huci zuciyarki.

Ki yi magana, kuma kada watan nan ya fita ba ki yi ba. Shirun da ake so ki yi don a tsare zumunci ai ga shi ya fara cin zumuncin, tunda da bakinki kin ce gaisuwar yaron ta fara yi miki nauyi. Nan da wata uku, in ya yi sallama sai ki tsinci kanki kina shigewa ɗaki, shi bai san laifinsa ba, Hajiya kuma ta fara cigiyar abin da autanta ya yi wa matar Yaya. Ita ma motar ba za ta jira ki gama shawara ba. Muna bakin bazara. A Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 a inuwa, baƙin ƙarfen da ya wuni a rana kuwa ko tafin hannu ba ya zama a kansa. Duk kwanan da ledar nan ta ƙara, gam ɗinta ƙara gasuwa yake yi a jikin fenti, cire ta kuma sai ƙara wuya da tsada.

Sai dai kada ki je musu da "aikin bai yi kyau ba" kawai. Amsoshin wannan a shirye suke tun kafin ki rufe baki: rana ce, mai wanki ne, yaran makaranta ne suke ɓamɓara da farce. Ke kuma ba sana'arki ba ce, sai ki dawo da haushi biyu. Gara ki san sunan kowane aibi da abin da ya haife shi. Na daɗe ina zama da masu fenti da dillalan mota, kuma abin da kika lissafa a wasiƙarki kusan kowanne yana faɗin yadda aka yi shi.

Ledar da ake manna wa mota iri biyu ce, ko da yake a ido ba ki raba su. Akwai wadda ake zuba ta tana ruwa-ruwa a kan shimfiɗa, a gasa ta ta daskare a haka, kamar yadda kike zuba ƙullin sinasir a kasko. Wannan ba ta da wata siffa ta da can da za ta yi marmarin komawa. In aka kwantar da ita a lanƙwasa aka ba ta zafi, ta zauna ke nan. Akwai kuma wadda ake murza curin roba tsakanin ƙarafa har ya yi faɗi, kamar kwaɓin taliya 'yar murji. Kin san halin kwaɓi, ki ja shi ki saki, ya tsuke. Ita wannan ta biyun an yi ta ne don allon talla da gilashin shago da gefen motar kaya, wato wuri shimfiɗaɗɗe, kuma ita ce mai araha. A ɗora ta a bambar Corolla mai lungu da saƙo, rana ta doke ta, sai ta fara ja da baya tana neman asalinta. Gobe da safe ki duba bakin ƙofa da bakin bonet. In kika ga siririn layin azurfa ya leƙo, gefensa da danƙon da ƙura ta manne a kai, to ledar tsukewa take yi, kuma ba za ta daina ba.

Layin tsakiyar bonet shi ma shaida ne. Ledar da aka yi don naɗe mota, irin ta 3M ko Avery Dennison ko Oracal, faɗin naɗinta mita 1.52 ne, kuma an yi haka ne da gangan don bonet da rufin ƙaramar mota su shiga a falle ɗaya. Ta allon talla yawanci ba ta kai haka ba. Ko dai ledar ƙarama ce aka yi mata haɗi, ko kuma an sayo ta a ƙididdige ta ƙare aka cike da guntu, domin mota irin taki tana cin mita 15 zuwa 18 in za a yi aikin da bai da ƙwauro. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki ce a nuna miki ragowar takardar bayan ledar, wadda ake ɓarewa a yar. Manyan kamfanoni suna buga sunansu a jikinta. Ana yin jabu, gaskiya ne, amma takardar da ba ta da suna ko ɗaya ta riga ta ba ki amsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙar shi ne "da safe na kai, bayan la'asar ya kawo". Aikin kirki a mota sukutum yana cin kwana uku zuwa biyar, kuma wuni na farko kusan duk a wanki da kwance-kwance yake tafiya. Ana cire hannun ƙofa, madubi, fitilu, tambari, sau da yawa har bamba, don a samu a cusa bakin ledar ta baya ta kama. Ana wanke motar ta bushe sarai, a bi kowane baki da kowane lungu da wani irin sifirit da ake ce wa aisofurofil, don ya cinye maiƙon folish da man da masu wanki ke shafawa don ƙyalli. Gam ba ya kama maiƙo. Wanda ya yi aikin a sa'a bakwai bai kwance komai ba, zagaye hannun ƙofa ya yi da reza, bakin ledar ya tsaya a fili daidai inda yatsunki ke gogawa sau goma a rana. Yaya ba za ta ɗago ba?

Sai ƙurajen bonet. Ki danna ɗaya da yatsa. In ya lotsa yana motsi, iska ce, kuma ƙaramar kumfa takan kwanta da kanta ko a huda ta da allura a shafe. In kuwa kika ji tauri kamar tsakuwa, ƙura ce aka rufe da ita, ba ta da magani sai ɓarewa. Ni na fi zaton ta biyun ce. Watan Janairu a Kano, a rumfar da ba ta da bango, a bakin titi! Kin san yadda mayafi ke yin ƙas-ƙas yana manne wa jiki a hunturu. Haka ledar ke yi da zarar an ɓare takardarta, tana janyo duk ƙurar da ke yawo a iska kafin ma ta taɓa mota. Wannan aiki na rufaffen ɗaki ne, mai daɓe a share, ba rana ba iska.

Lungunan bamba da suka saki suna da nasu dalilin daban, kuma a nan ne ake gane wanda ya koya daga wanda ya kalla a waya. Bayan an gama manna leda, duk inda aka ja ta ko aka tura ta cikin lungu sai an dawo an bi shi da na'urar busa zafi har wurin ya kai kusan digiri 90, ana aunawa da ma'auni, ba da tafin hannu ba. Wannan zafin ne ke mantar da ita siffarta ta da. A bidiyon minti uku ba a nuna wannan, don ba shi da daɗin kallo. In aka tsallake shi, ranar Kano ce za ta yi nata gashin, sai dai ita ba ta kai zafin da zai zaunar da leda ba, iyakarta ta tausasa gam ta bar ledar ta miƙe. Farin da kika gani a kusurwa kuwa ja ne ya yi yawa, an miƙar da ita har launin ya sirance. Wurin ya riga ya mutu, nan zai fara tsagewa.

Duk waɗannan asarar leda ce da ta kuɗi. Zanen reza shi ne asarar mota, kuma shi ya sa na ce kada ki haɗiye. Fentin kamfani gaba ɗayansa, daga na ƙasa har mai ƙyallin sama, kaurinsa bai fi na takardar rubutu ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Hannun da bai ƙware ba in ya danna reza kaɗan, ya wuce leda ya wuce fenti. Shi ya sa aka yi wani siririn tef mai zare a ciki: a shimfiɗa shi a layin da ake so kafin a ɗora leda, sannan a ja zaren ya yanko ta daga ƙasa, ƙarfe bai taɓa mota ba. Ki sa farce a zanen da mai wanki ya nuna miki. In farcen ya wuce sumul, a saman ƙyalli ya tsaya, folish zai iya ɓatar da shi. In ya maƙale, ya yi zurfi, kuma in ya kai ƙarfe to damina na tafe. Ruwa zai shiga ta bakin da ya ɗago ya kwanta a ƙarƙashin leda, tsatsa ta yi ta ci ba mai gani. Wurin da kika gani ɗaya ne. Hannun da ya yanka can shi ya zagaye sauran ƙofofin.

Yanzu bari in taɓa ki kaɗan, kada ki ji haushi. Da aka ce miki rabin kuɗi, ba ki tambayi ta ina rabin ya fita ba. Ledar kirki da dala ake shigo da ita, ba ta san ɗan'uwa ba, kuma araha ba ta ado. Sannan baƙi mara ƙyalli a garin nan zaɓi ne na wanda ke da gareji da direba. Ya fi kowane launi shan zafi, yana nuna shatin yatsa da ɗigon fetur, ba a kuma yi masa folish. Ban faɗi wannan don in wanke yaron ba. Na faɗa ne don ranar zama ki fara da naki kason, bakin kowa zai yi laushi.

Da maigida za ki fara, ba da yaron ba, kuma ko kusa ba a gaban Hajiya ba. Kada ki tare shi da daddare ya dawo a gajiye. Ki bari sai safiyar da ba ya sauri, ki ce, "Abban yara, ba maganar kuɗi na kira ka ba, zo ka sa farcenka a nan." Namiji yakan yi musu da labari, amma da wuya ya yi musu da abin da farcensa ya maƙale a ciki. Daga nan ki roƙe shi abu ɗaya: ya kai motar wurin mai fentin da shi da kansa ya yarda da shi, ya ji daga bakin wani namiji ɗan sana'a. Ke kuma kin fita daga zargin mita.

Maganarsa ta a bar wa Allah, kyakkyawar magana ce da aka ajiye ba a wurinta ba. Motar taki ce, adashin naki ne, don haka yafiyar ma taki ce, ba wanda zai yi kyauta da ita a madadinki. Kuma ana yafe abin da aka amsa ne. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya wuce inda aka ce mai sana'a shi ke da lamunin kayan da aka bar masa, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Malamanmu na Malikiyya sun tsaya a kan haka ne don kada dukiyar mutane ta zama abin koyon hannu. Ba ki nemi abin da shari'a ba ta ba ki ba.

Amma hujjar da za ta fi shiga kunnen maigida ita ce ta ƙaninsa. Yaron nan a yanzu ya yarda ya iya, uwarsa na yi masa shela, yayansa ya yi shiru. Mota ta gaba da za a kawo masa ba ta matar Yaya ba ce. Ta wani Alhaji ce da ya ba da miliyoyi ya sayi jif, wanda in ya ga zanen reza a ƙofarsa ba Hotoro zai zo neman sulhu ba, ofishin 'yan sanda zai nufa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Gara ya ji daga gida, inda za a faɗa masa a rufe.

Abu ɗaya nake so ki kiyaye. Na san akwai wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta, kuma za ki ji kamar ki saka maganar a cikin wasan don ta yi sauƙi. Kada ki yi. Zai yi dariya, ki yi dariya, maganar ta mutu, in kika sake tayar da ita kuma a ce ashe da gaske kike. Ku zauna ku uku a gaban motar, yayansa ya yi magana, ke ki nuna wuraren. Aikin za a tattauna, kada kalmar cuta ko ha'inci ta fito daga bakinki, domin ni ban ga alamar ya yi niyyar cutar ki ba. Rashin sani ne da gaggawa, da kuma kunyar ya ce wa Anti bai taɓa naɗe mota sukutum ba.

Zai ce a kawo ya gyara. Nan ne za ki tsaya da ƙafarki. Ɗiga gam a bakin da ya ɗago ba gyara ba ne, musamman irin gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda ke cin fenti. Sake naɗewa da hannun da ya yi na farko kuma sake zanen reza ne. Abin da za ki nema shi ne a cire ledar gaba ɗaya, a inuwa, a wurin wanda ya saba, shi kuma ya tsaya ya taya ya gani da idonsa. Ana ɗumama ta ne kaɗan-kaɗan, a ja ta a kwance a hankali, ragowar gam a goge da maganin da aka yi don haka. Ban da fetur, ban da tina mai tsinka fenti, ban da kankarewa da reza. Ki kuma faɗa wa mai cirewar tun farko in akwai ƙofar da aka taɓa yi wa fenti ko aka cike lotsawarta da fila, wato ƙullin da masu fenti ke shafawa. Motar da ta shekara tana gogayya da Adaidaita Sahu a titin Zariya da wuya a ce ba a taɓa ba, kuma fentin bayan kamfani yakan biyo leda ya taso. In hakan ta faru a irin wannan wurin, ba laifin yaron ba ne gaba ɗaya, kada a ɗora masa.

Batun kuɗi, ga yadda nake gani. Kuɗin cirewa da na gyaran inda reza ta ci, nasa ne, ko a hankali zai biya, ko yayansa ya ɗauke masa, wannan tsakaninsu. Ladan aikinsa ya kamata ya dawo. Kuɗin ledar kuwa, in zuciyarki ta iya, nan ne wurin yafiya, kuma ki faɗa da bakinki a wurin don ya san kyauta ce. In maigida yana son taimakon ƙaninsa da gaske, ya haɗa shi da wani ƙwararre ya yi 'yan watanni a ƙarƙashinsa, ya kuma sayo masa tsohuwar ƙofa da tsohuwar bamba a Ƙofar Ruwa ya yi ta koyo a kansu har hannunsa ya faɗa. A kan waɗannan ake ɓata leda.

In kuma aka zauna ya murje ido, maigida ya sake cewa a bar wa Allah, to ki ɗauki hotunan komai, ki kai motarki a cire da kuɗinki, ki ci gaba da gaishe shi kamar da. Da baƙo ne da na nuna miki hanyar hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta jiha. Amma ƙanin miji, a kan kuɗin da bai kai darajar zaman gidanki ba, ban ba ki wannan shawarar ba. Hajiya in ta ga mota ta koma azurfa ta tambaya, ki ce zafi ne baƙin yake ja, kuma ba ki yi ƙarya ba.

Akwai wani abin da ba ki tambaya ba. Takardun motarki sun ce ruwan azurfa ce, ke kuma sati bakwai kina yawo da baƙa. Dokar hanya ta ce wanda zai sauya launin mota ya nemi izini a ofishin lasisi a gyara masa takardu, kuma duk jami'in da ya tsayar da ke ya ga saɓani yana da hurumin tambaya. Cire ledar zai kashe wannan da kansa. In wata rana sha'awar ta dawo, ki fara da takardun, ki guji koren soja don doka ta hana shi tun 1977, in an yi wa motar sabon fenti ki ba shi aƙalla wata guda ya bushe, sannan ki ce wa mai shagon ya nuna miki motar da ya naɗe bara, wadda ta ga bazara ta ga damina. Ki buɗe ƙofarta ki duba baki-baki, can aikin yake.

Kafin ranar cirewa, kada ki ja inda ya ɗago, ki hana yara ma. Ki ce wa mai wanki ya yi da hannu da soso mai laushi, kada ya kusantar da bakin injin feshi wurin da ya saki. Ki nema mata inuwar rumfa a makaranta, ba ƙarƙashin darbejiya ba, don kashin tsuntsu da 'ya'yan itacen suna barin tabo. Inda farcenki ya maƙale kuwa, ko an zauna ko ba a zauna ba, mai fenti ya gan shi kafin ruwan farko ya sauka.